Taswirar Ƙwaƙwalwar Yayana da Ƙwayoyin da Na Ɓoye

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labarinsu ni ma'aikacin lafiya ne a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Kebbe. Ni ba likita ba ne, karatun kiwon lafiyar al'umma na yi, amma a ƙauye babu mai rarrabe wannan da wancan. Duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya sunansa Likita, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi. Matata da 'ya'yana suna Tambuwal, saboda ita malamar makaranta ce a can. Saboda haka rayuwata ta zama kan babur take: ranar Juma'a in kama hanyar Tambuwal, ranar Litinin da sassafe in komo, ga hanya ba kyau, da damina kuma sai abin da Allah ya yi. Babu abin da ke raina a lokacin sai neman a sauya mini wurin aiki in koma kusa da iyalina. Kullum takarda a aljihu, yau ina wannan ofis, gobe an ce in je Sakkwato in ga wani. Ko ina zaune gaban maras lafiya, rabin hankalina yana kan waya ina jiran a kira ni a ce takardar ta fito.

Ina da yaya guda ɗaya namiji, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Fakku. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, yayan nawa ne ya riƙe ni, ya hana a cire ni daga makaranta lokacin da dangi suka ce hannu ake buƙata a gona. Manomi ne na gaske, gero da dawa da wake da damina, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa. Mutum ne mai jiki, ba ya son a gan shi kwance. Duk ƙauyen an san yadda yake alfahari da ni. Idan ciwo ya kama wani a gidansa ko a maƙwabta, abin da yake cewa kawai shi ne a jira ƙanensa ya zo.

Abin ya fara ne da damina, lokacin noman farko. Na biya ta gidansa wata ranar Juma'a, sai matarsa ta tare ni a zaure kafin in shiga. Ta ce shekaranjiya yana cikin noma fartanya ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi. Ya zauna gindin bishiya, kafin ta juyo da fura daga ɗaya gonar hannun ya dawo kamar ba a yi ba. Ta ce shi ya hana ta faɗa, amma hankalinta bai kwanta ba. Na shiga na same shi yana gyaran igiya. Na ce ya matse mini hannu, ya matse har na ji zafi, ya yi dariya ya ce ko in kawo ɗayan ma. Na ce gajiya ce, ya rage aiki cikin rana, na ba shi ƙwayar ciwon jiki. A makaranta an koya mana wannan alamar, har a jarrabawa na amsa ta daidai. Amma a ranar ban ko ɗauko abin awon jini daga jaka ba, domin hadari ya haɗo kuma ina son in kai Tambuwal kafin ruwa ya cika rafin da ke hanya.

Karo na biyu ya zo da kaka. Ya kai buhunan gero kasuwar Kebbe, yana tsakiyar ciniki sai idonsa na hagu ya rufe, kamar an saki labule daga sama, sannan harshensa ya sarƙe, yana son ya faɗi magana wata daban take fitowa. Abokan kasuwa suka zaunar da shi suka yi masa fifita, ba a jima ba komai ya koma daidai. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, aka shiga kawo rubutu da turare. Wannan karon na auna jininsa, na ga ya hau sosai. Na ce masa ya kamata mu je babban asibiti a Sakkwato a duba shi. Ya kalle ni ya ce, "Ai ga ka. Mi za ni nema wurin wani? Bari in kai amfani gida, in zuba albasa, sannan mu gani." Gaskiyar magana, da ya faɗi haka sai na ji sauƙi. Tafiya Sakkwato da maras lafiya kwanaki take ci, ni kuwa a makon an ce mini takardata tana kan teburin wanda zai sa hannu. Na ɗebo masa maganin hawan jini na yau da kullum, na ce ya riƙa sha ɗaya kowace safiya, na rubuta a raina cewa bayan kaka zan kai shi. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo ya fita, ban kai shi ba.

Da bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, yana wuni a fadama yana ban ruwan albasa. Na biya ta gidansa wata Juma'a ina sauri, ko takalmi ban cire ba, a bakin ƙofa na auna shi. Jinin bai sauka yadda nake so ba. Abin da ya dace in yi a fili yake, in ce wannan ya fi ƙarfina. A maimakon haka na buɗe jaka na ɗauko wani maganin daban mai ƙarfi, wanda na taɓa ganin wani likita ya rubuta wa wani mutum, na haɗa masa da na farko, na kuma ce na farkon ya koma sha biyu. Na damƙa wa matarsa ledojin, na ja mata kunne cewa ko da wasa kada a tsallake rana ɗaya, ko ya ce ba ya so ta san yadda za ta yi ya sha. Bayan kamar mako guda ta kira ni a waya. Ina tsaye a barandar wani ofis a lokacin, ina leƙen ko za a kira sunana. Ta ce tun da ya fara sabon maganin, duk lokacin da ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi, ko daga sujada ya ɗago sai ya dafa bango. Na ce mata alamar magani yana aiki ke nan, a ci gaba, na kashe wayar.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, yana tasowa daga bakin kwalbatin ruwa a fadama ya faɗi. Kafin in iso daga Tambuwal an riga an kai shi gida a amalanke. Na same shi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, idonsa a kaina yana ta ƙoƙarin magana, sauti kawai ke fita. Muka nemi mota da ƙyar. Ba zan manta da wannan tafiya ba, kansa a cinyata, motar tana faɗawa rami tana fita, matarsa tana riƙe da ƙafafunsa kada su zame. A Tambuwal aka duba shi aka ce mu wuce Sakkwato ba tare da ɓata lokaci ba. Tun daga Sanyinna na fara shirya abin da zan faɗa idan an tambaye ni. Ina kallon fuskar mutumin da ya raine ni, amma abin da nake saƙawa a zuci shi ne yadda zan fitar da kaina.

A Sakkwato wani likita ya ja ni gefe, saboda an ce masa ni ma'aikacin lafiya ne. Matar yayana tana waje tana jiran a ba ta izinin shiga. Ya tambaye ni ko irin wannan ta taɓa faruwa, ko da na ɗan lokaci ne. Na ce a'a, farat ɗaya ya zo. Ya tambayi maganin da yake sha, na faɗi na farkon kawai, na ce ƙwaya ɗaya a rana. Ya rubuta, ya ce a dakatar da shi tukuna, domin a irin wannan hali ba a son jini ya sauka da yawa, ƙwaƙwalwa tana buƙatar ya riƙa isa gare ta da ƙarfi. Na gyaɗa kai kamar abin da na daɗe da sani. Ban koma na faɗa wa matar yayana komai game da magani ba. Na ɗauka ledojin suna can Fakku a kan kantar ɗaki inda na ga ta ajiye, kuma a gaskiya ba na son kalmar magani ta haɗa ni da ita, don kada ta tuna wayar da ta yi mini.

Muka yi kwanaki a can. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne yadda jikinsa yake yi. Da asuba zai farka da ɗan kuzari, ya bi mutum da ido, har ya motsa yatsun ƙafa. Kafin azahar sai ya koma lis, barci ya danne shi, a auna a ga jinin ya yi ƙasa, alhali su ba su ba shi abin saukar da shi ba. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin in fito, in je bakin ƙofar asibiti in sayo abin da ba a aike ni ba, in dawo in tsaya jikin taga. Dangi da suka zo dubiya suna ta sa mini albarka, suna cewa Allah ya taimake shi da yake da ƙane likita. Kowace albarka sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Daga baya aka yi hoton wuyansa, aka ga babbar jijiyar da ke kai jini ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ta tsuke ƙwarai. Babban likitan ya ce kafin a yanke shawarar ko za a yi aiki a buɗe ta, yana son a san yadda jini yake rarrabuwa a cikin kan. Ya tura mu wani babban asibiti a wani gari mai nisa, inda suke da na'urar da ke yin irin wannan hoto. 'Yan'uwa suka haɗa ƙarfi, muka tafi mu uku.

A can wata likita ce ta karɓe mu, mace mai natsuwa, Hausarta irin ta rediyo. Ta yi mana bayanin na'urar, wadda suke kira MRI. Ta ce maganaɗisu ne mai ƙarfi, saboda haka aka cire masa zobe da layar da aka ɗaura masa a damtse, aka tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ta ce a wannan hoton ba sai an yi masa allura ba. Na'urar ce za ta sa wa jinin alama yayin da yake wucewa ta wuya, jijiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗan jira ta ga inda jinin kowace jijiya ya sauka a cikin ƙwaƙwalwa. Aka kwantar da shi aka tura shi cikin wani rami mai kama da bakin tanda. Ƙarar na'urar tana fitowa har waje, kamar ana daka a turmi da yawa lokaci ɗaya. Matarsa ta zauna a benci tana jan carbi. Ni na auna wannan barandar da ƙafa ban san sau nawa ba.

Washegari da safe likitar ta kira ni ofishinta, ta juyo mini da allon kwamfuta. Na sha ganin hoton ƙashi da na ƙirji, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙwaƙwalwa ce a yanke-yanke, an shafa mata launi uku kamar taswirar da ake ratayawa a aji. Ta fara nuna mini ta wani mai lafiya don in gane. Ja a dama, yankin da jijiyar gaban wuya ta dama take shayarwa. Kore a hagu, na jijiyar hagu. Shuɗi a baya, na jijiyoyin ƙeya. Kowanne ya tsaya a iyakarsa. Sannan ta buɗe ta yayana. Koren ya kusa ɓacewa, ɗan tsibiri kawai ya rage a tsakiya. Jan ya tsallako daga dama ya shiga hagu, shuɗin ya taso daga baya ya ci gaba sosai. Ta ce wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Jijiyar hagu ta daɗe tana tsukewa, sauran biyun suka riƙa ba da aron jini ta wasu ƙananan hanyoyi, da haka mutumin yake tsaye yana noma. Ta nuna mini wasu ɗige-ɗige a wani hoton, ta ce waɗannan tsofaffin tabo ne, na watannin baya, kuma da wuya a ce sun faru ba tare da an ga wata alama ba.

Ta tambaye ni sana'arsa, na ce manomi ne, yana noman rani. Ta ce to zan gane da sauri. Idan ana ban ruwa daga hanya mai nisa, kuma ruwan ya ragu daga tushe, fangalin da ke can ƙarshe ne yake fara bushewa. Ta bi da bakin biro a kan layin da ja da shuɗi da ɗan koren suka haɗu, ta nuna mini sabon ciwon ya jeru daidai a kan wannan iyakar. Ta ce irin wannan jerin yakan nuna cewa ƙarfin jini ya faɗi ne, aron da ake ba wa wurin ya kasa isa. Sai ta juyo ta kalle ni, ta tambaya ko ya yi gudawa mai tsanani kafin ya faɗi, ko ya zubar da jini, ko an sauya masa magani. Na ji muryata tana cewa ba na jin an yi, sai dai zafin rana. Sai ta ce to, idan na tuna wani abu ƙofarta a buɗe take.

Na fito daga ofishin. Na sami matar yayana a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya tana wanke kwanon kunu. Ta tambaye ni abin da hoton ya nuna, na ce ana kan dubawa. Ta goge hannu a zane, ta buɗe jakarta ta ciro wasu ledoji biyu da na gane tun kafin ta miƙo. Ta ce, "Likita, maganin ga da kab ba mu ya kusa ƙarewa, na kwana ukku yar rage. Ina aka saida irinai a garin ga? Kullum da safe nika daka mai shi cikin kunu, ban taɓa tsallakewa ba, awa yadda kac ce." Ta faɗi haka ne tana jiran in yaba mata. Tun daga Fakku har Sakkwato har wannan gari, kowace safiya, bayan nas ta gama zagaye ta fita, baiwar Allah tana cika umarnina. Barcin da ke danne shi kafin azahar, jinin da ke faɗuwa likitoci suna mamaki, duk daga hannuna ne.

Na karɓi ledojin na koma ofishin likitar da gudu. Ban ƙwanƙwasa ba na shiga, na ajiye su a kan teburinta, na faɗa mata komai tun daga fartanyar da ta suɓuce, da labulen da ya rufe ido a kasuwa, da awon da na yi a bakin ƙofa, da wayar da na kashe. Na ce mata ni ba likita ba ne, kuma ƙarya na yi mata, na yi wa na Sakkwato. Ba ta tsaya yi mini faɗa ba. Ta karanta sunan ƙwayoyin, ta tambayi ƙarfe nawa aka ba shi na yau, ta tashi ta fita da sauri, ni ina biye. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka kwantar da kansa, aka sa nas ta riƙa auna shi a kai a kai. Sai da komai ya lafa ta kira ni gefe. Ta ce ba ni na tsuke jijiyar ba, shekaru suka yi wannan, kuma ba za ta iya rantsewa cewa da ban ba shi maganin ba da bai faɗi ba. Amma ta ce ranar da hannunsa ya mutu ya dawo, ranar ce ya kamata a kawo shi, domin a lokacin akwai abubuwa da yawa da za a iya yi. Game da kwanakin da na yi shiru kuwa, ta ce ba ta da yadda za ta auna abin da suka ci, ni ma kada in ce zan iya.

Cikin kwana biyu barcin ya sake shi. Ya fara zama da taimako, ya fara haɗiye abinci sosai. Likitocin suka zauna suka duba, suka ce a halin da jijiyar take ciki aiki ba zai ƙara masa komai ba sai haɗari, suka ɗora shi a kan magungunan da suka dace, da adadin da suka auna a hankali, suka koya mana yadda za a riƙa motsa masa hannu da ƙafa. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne gaya wa matarsa dalilin da ya sa aka karɓe ledojin. Na zaunar da ita na faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Ta daɗe tana kallon hannayenta. Abin da ta tambaya kawai shi ne, ke nan da hannunta ta riƙa ba shi abin da ke kwantar da shi? Na ce laifin ba nata ba ne, nawa ne ni kaɗai. Ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta tashi ta shiga wurinsa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma faɗa wa dangi ba. Sai dai tun daga ranar, ko ƙwayar ciwon kai na kai gidan, takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya, sannan ta tambaya a hankali ko likitan Sakkwato ne ya rubuta.

Yanzu yayana yana gida. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafa, hannun dama a naɗe a ƙirji. 'Ya'yansa ne ke noman, shi kuma a kai shi bakin gona a kan babur ya zauna yana nuni da sanda. Yana gane duk abin da aka faɗa, amma kalmomin da suka rage masa ba su da yawa, kuma ba kullum suke fitowa a inda yake so ba. Ni kuma na kasa samun natsuwa. Ina Tambuwal hankalina yana Fakku, in na je Fakku ba na iya zama minti goma a gabansa sai na ƙirƙiro abin da zai fitar da ni. Idan na rufe ido ina ganin launukan nan uku da layin da biro ya bi.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, shi ne in roƙi masu karatu abu biyu. Idan hannun mutum ko ƙafarsa ta mutu ta dawo, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa, ko ido ɗaya ya rufe na ɗan lokaci, kada dawowar ta ruɗe ku. Ku kai shi babban asibiti a ranar, ko ana tsakiyar shuka, ko shi da kansa ya ce ya warke. Kuma kada wani ya karanta labarina ya ce zai bar shan maganin hawan jini. Maganin yana ceton rai, yayana ma yana kan sha har yau. Abin da ya cuce mu shi ne ƙari da haɗi ba da sanin likita ba, da kuma jirin da aka kawo mini ƙararsa na yi watsi da shi. 'Yan'uwana ma'aikatan ƙananan asibitoci, na san yadda ake ji idan mutanen gari sun dogara da kai, da yadda kalmar "ya fi ƙarfina" take da nauyi a baki. Ku faɗe ta. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa wa likita a tambayar farko, domin shi yana aiki ne da abin da kuka gaya masa, kuma maras lafiya ne yake biyan kowace rana da kuka ƙara kuna shiru.

Watanni kaɗan da suka wuce na yi ƙarfin hali na zauna gabansa bayan la'asar, mu biyu kawai a zaure, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, na nemi gafararsa. Ya saurara har ƙarshe bai kau da ido ba. Sannan ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kama kalma ɗaya ta kuɓuce, ya sake kamawa ta sake kuɓucewa. Daga ƙarshe ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ya jingina da bango ya rufe ido. Na jira har aka kira magariba bai sake gwadawa ba. Har yau ban san abin da ya so ya ce mini ba. Ku taya shi da addu'a, ni ma ku sa ni a ciki.